Wasiƙa ga Edita: Yadda sabon shiga zai fara wasan tirayatalon

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani wasa da ba kasafai yake samun shiga shafukan wasanni ba, wato tirayatalon, gasar da ɗan wasa yake farawa da ninƙaya, ya fito daga ruwa ya hau keke, ya sauka daga keken ya ƙarasa da gudu, duk a jere ba tare da an tsayar masa da agogo ba. A 'yan lokutan da kafofin labarai sukan tuna da wannan wasa, abin da suke nunawa kusan ɗaya ne a kullum: ko dai wani da ya galabaita yana jan jiki zuwa layin ƙarshe, ko kuwa wani keke mai siffar ban mamaki wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin jama'a. Mai karatu yana gani sai ya yanke hukuncin cewa wannan harka ba tasa ba ce. A ganina an yi wa wasan rashin adalci, an kuma rufe ƙofa ga mutane da yawa waɗanda da sun san gaskiyar yadda ake farawa, da sun gwada, da kuma lafiyarsu ta amfana.

Asalin wasan kansa ya isa ya kwantar wa mai sha'awa da hankali. A ranar 25 ga Satumba, 1974, wasu mutum biyu daga ƙungiyar masu gudu ta birnin San Diyego a jihar Kalifoniya ta Amurka, Jack Johnstone da Don Shanahan, suka shirya gasar da ake ɗauka a matsayin mafarin tirayatalon na zamani, mutum 46 suka shiga, kuma abin ya fi kama da canjin atisaye ga masu son motsa jiki fiye da neman wani kambu. Gasar da ta tsorata mutane daga baya ta zo. A watan Fabrairun 1978 ne wani jami'in sojan ruwan Amurka, John Collins, da matarsa Judy suka haɗe manyan gasanni uku na tsibirin Oahu a Hawai suka mayar da su guda, aka samu ninƙayar kilomita 3.8, da tseren keke na kilomita 180, da gudun kilomita 42.2, wanda shi ne ake kira Ironman. Mutum 15 suka fara, 12 suka kai ƙarshe, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. A gasar Ironman ta 1982 kuma masu kallon talabijin suka ga wata ɗaliba, Julie Moss, wadda take kan gaba a cikin mata, ƙafafunta sun gaza ana dab da kammalawa, ta ƙarasa da rarrafe bayan Kathleen McCartney ta wuce ta. Wannan hoton ne ya yi wa wasan suna a duniya, shi ne kuma har yau yake sa mutane su ɗauka cewa sai wanda ya shirya azabtar da kansa zai iya.

Alhali kuwa ko a gasar Olamfik, wadda wasan ya fara shiga a birnin Sidni a shekarar 2000 bayan an kafa hukumarsa ta duniya a Faransa a 1989, nisan da ake yi bai wuce kilomita 1.5 a ruwa, da 40 a keke, da 10 a ƙafa ba. A ƙasa da wannan akwai gajeren zango na mita 750, da kilomita 20, da kilomita 5, wanda mafi yawan sababbin shiga suke kammalawa tsakanin awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu. Akwai ma wanda ya fi shi gajarta, da yakan kasance wajen mita 400, da kilomita 10, da kilomita 2.5, kuma sau da yawa a kwamin ninƙaya ake yin ɓangaren ruwansa. Mita 400 a kwami mai tsawon mita 25 tsallakawa 16 ce daga bango zuwa bango. Ta nan ya kamata kowa ya shigo, domin da rarrafe yaro kan tashi, kuma wanda ya ɗora wa kansa dogon zango tun daga shekarar farko yakan ƙare da rauni ko da tsanar wasan gaba ɗaya.

Abin da na fi so masu karatu su riƙe shi ne maganar ruwa, domin a nan ne na ga sababbin shiga sun fi yin sakaci, a nan ne kuma sakacin ya fi muni. Hankalin mai farawa yakan tafi kan keke, saboda shi ne abin da ake saye da kuɗi kuma ake nunawa, sai ya bar ninƙaya a baya yana cewa ai ita ce mafi gajarta a cikin ukun. Gaskiya ne ita ce mafi gajarta, amma wanda ya gaji a kan keke zai iya taka birki ya sauka, wanda ya gaji da gudu zai iya komawa tafiya, shi kuwa wanda numfashinsa ya sarƙe a tsakiyar tafki ba shi da inda zai taka. Wani bincike da likitoci suka wallafa a Amurka a 2017 ya tattara mutuwa da tsayawar zuciya 135 da suka auku a gasannin tirayatalon na ƙasar daga 1985 zuwa 2016, aka tarar 90 daga ciki a ruwa suka faru, kuma yawancin waɗanda abin ya shafa maza ne da suka fara manyanta. Idan aka kwatanta da miliyoyin da suka shiga gasa a tsawon waɗannan shekaru, adadin ƙanƙane ne, kasada ce da ba ta kai mutum biyu cikin dubu ɗari ba, saboda haka bai kamata ya hana kowa farawa ba. Abin da ya kamata ya sa shi ne duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ko aka taɓa samun mutuwar fuju'a ta ciwon zuciya a danginsa, ya ga likita tukuna, ya kuma faɗa masa takamaimai irin aikin da yake shirin ɗora wa jikinsa. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko sarƙewar numfashi da ba a saba da ita ba a lokacin atisaye alamu ne na a tsaya nan take.

Ninƙaya ta bambanta da sauran biyun ta fuskar cewa ƙarfi ba ya maye gurbin iyawa a cikinta. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, don haka ƙaramin kuskure a yadda mutum ya shimfiɗa jikinsa yakan cinye masa ƙarfi mai yawa. Sai ka ga saurayi mai ƙarfi da yake gudun kilomita 10 ba tare da haki ba ya tsaya yana neman numfashi bayan tsallakawa biyu, yayin da dattijuwar da ta koyi salon da kyau take wucewa a natse. Dalili shi ne sabon shiga yakan ɗaga kansa sama domin ya sha iska, da zarar kai ya ɗago kuwa ƙugu da ƙafafu sai su nutse, jikin ya koma yana jan ruwa maimakon ya ratsa shi. Yakan kuma riƙe numfashi muddin fuskarsa tana cikin ruwa, sai ya yi ƙoƙarin fitarwa da shaƙa a lokaci guda idan ya juyo, abin da ke haifar da haki da firgici. Gyaran shi ne ya koyi fitar da numfashi a hankali ta hanci da baki tun fuskar tana cikin ruwa, ya riƙa kallon ƙasan kwamin, ya juya kai gefe tare da juyawar jiki ba tare da ya ɗaga shi ba. Wannan abu ne da mutum ba ya iya ganinsa a kansa, shi ya sa nake ganin idan mai farawa yana da ɗan abin da zai kashe, malamin ninƙaya ya fi cancanta da shi fiye da kowane kayan wasa. Gajerun darussa sau biyu ko uku a mako sun fi doguwar wahala sau ɗaya amfani, domin jiki da maimaici yake koyo.

Bayan mutum ya iya a kwami, sai ya san cewa buɗaɗɗen ruwa wani darasi ne na dabam. A tafki ko teku babu layin da aka zana a ƙasa da zai bi, babu bangon da zai dafa, ruwan yana iya zama gurɓatacce ko mai sanyi, ga igiyar ruwa, ga kuma hannuwa da ƙafafun sauran 'yan wasa suna taɓa shi ta ko'ina a mintunan farko. Dole ne ya koyi ɗan ɗago idanu bayan kowane 'yan bugu domin ya hango alamar da aka kafa a kan ruwa, in ba haka ba zai karkace ya ƙara wa kansa nisa. Kada ranar gasa ta zama ranar da ya fara shiga irin wannan ruwa, kada kuma ya taɓa shiga shi kaɗai, ko da ya ƙware; a samu wani a bakin gaɓa ko a kwale-kwale, a sa hula mai launi mai haske, a ɗaura balan-balan ɗin ceto a ƙugu. Ya kuma tabbatar da tsabtar ruwan, domin ko a gasar Olamfik ta 2024 a birnin Paris sai da aka ɗage tseren maza da kwana ɗaya saboda ruwan sama ya gurɓata kogin Seine, kuma a ƙasashe masu zafi ruwan tafki da na ƙorama yana iya ɗauke da cutar tsargiya.

A ranar gasar, hikima ita ce sabon shiga ya tsaya a baya ko a gefe, ya bar masu gaggawa su wuce, ya fara a hankali har numfashinsa ya daidaita. Idan firgici ya zo, ya juya rigingine ya sha iska. Mutane da yawa ba su san cewa doka ta yarda ɗan wasa ya yi kowane salon ninƙaya da ya ga dama ba, ta kuma yarda ya riƙe kwale-kwalen masu ceto ya huta, muddin bai yi amfani da shi ya ci gaba ba, kuma ɗaga hannu sama ita ce alamar neman taimako. Babu abin kunya a cikin yin haka, domin Hausawa sun riga sun ce iya ruwa fid da kai. Ita kuwa rigar roba mai riƙe ɗumi, sanyin ruwa ne yake yanke hukunci a kanta: a ƙa'idar hukumar duniya ga yawancin masu gajeren zango da ba ƙwararru ba, wajibi ce idan ruwan bai kai digiri 16 a ma'aunin Salshiyas ba, an kuma hana ta idan ya kai 22, saboda haka wanda zai yi gasa a ruwa mai ɗumi ba ya buƙatarta sam.

Maganar keke ba ta da tsawo kamar yadda masu talla suke so a ɗauka. Kusan rabin lokacin gasa a kansa yake ƙarewa, amma duk keken da birkinsa yake ci, tayoyinsa suke da kyau, sarƙarsa take da mai, ya isa gasar farko, ko da na aro ne. Abin da ya fi nau'in keken muhimmanci shi ne ya dace da tsawon mahayinsa. A ɗaga sirdi yadda idan feda ta kai ƙasa gwiwa za ta kusa miƙewa amma da ɗan lanƙwasa, domin sirdin da ya yi ƙasa shi ne yake kawo ciwon gwiwa ga masu farawa. A saba da giya mai sauƙi ana juya feda da sauri, wajen juyi 80 zuwa 90 a minti, maimakon a danna giya mai nauyi wadda za ta ƙone cinyoyi tun kafin a zo gudu. A koyi yin faci da canza tib da hannu, saboda doka ba ta yarda wani daga cikin 'yan kallo ya taimaka ba. Hular kwano kuwa ba a sasantawa a kanta, a gasa ko a atisaye. A mafi yawan gasannin da ba na ƙwararru ba an hana mannewa a bayan wani domin ya tare maka iska. Akan bar tazarar da doka ta ƙayyade, wanda kuma ya shiga tazarar yana da 'yan daƙiƙoƙi ya wuce ko ya fuskanci hukunci.

Gudu shi ne kowa yake ganin ya iya, shi ne kuma ya fi jawo rauni. Zuciya da huhu suna sabawa da aiki cikin 'yan makonni, amma jijiyoyi da ƙasusuwa da gaɓoɓi sai sun ɗauki watanni, don haka mutum yakan ji yana da sauran numfashi ya ƙara nisa alhali ƙwaurinsa da gwiwarsa ba su shirya ba. Wanda bai saba ba ya fara da haɗa sassarfa da tafiya, minti ɗaya ko biyu yana sassarfa, minti biyu yana tafiya, yana ƙara na farkon kaɗan-kaɗan daga mako zuwa mako. Takalmin da ya zauna daidai a ƙafa ya wadatar. A nan ma ake ganin wata fa'ida ta wannan wasa da ba a cika ambata ba: tun da ruwa da keke suna ɗauke wa ƙafafu nauyin jiki, mai tirayatalon yana iya ƙarfafa zuciyarsa kwana shida a mako alhali kwana biyu kawai ya buga ƙafa a ƙasa.

Akwai wani abu da ba ya cikin ukun amma yake iya ɓata su duka, wato canji daga wani ɓangare zuwa wani. Duk wanda ya sauka daga keke ya fara gudu a karon farko yakan ji ƙafafunsa sun yi nauyi kamar ba nasa ba, saboda tsokokin sun daɗe suna aiki a dunƙule ta hanya guda, yanzu kuma an buƙaci su ɗauki jiki a tsaye. Wannan yanayi yakan wuce bayan 'yan mintuna, kuma maganinsa shi ne a riƙa gwada shi tun a atisaye, a ɗora gudun minti 10 a kan hawan keke sau ɗaya a mako. Filin canji yana da dokokinsa: sai an sa hular kwano an ɗaure igiyarta kafin a ɗauko keke daga maratayarsa, ba a hawa sai an tsallake layin da aka shata, ana sauka kafin layin idan an dawo, ba a kwance hular sai an mayar da keken wurinsa, ba a kuma sa abin jin sauti a kunne. Mutum ya shimfiɗa kayansa bisa tsarin da zai sa su, ya lura da layin da kekensa yake tun kafin a fara, domin wanda ya fito daga ruwa kansa yana juyawa yakan rasa inda ya ajiye shi a cikin ɗaruruwa.

Game da tsarin mako, wanda ya riga ya iya ninƙaya yana iya shirya wa gajeren zango cikin makonni 12, da atisaye biyu ga kowane ɓangare da cikakkiyar ranar hutu guda, abin da bai wuce awa huɗu zuwa biyar a mako ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, ke nan wannan shiri ya biya wancan har da ƙari. Wanda bai iya ruwa ba kuwa ya ƙara watanni, kada ya ƙayyade wa kansa ranar gasa sai ya iya ninƙayar nisan da za a buƙata ba tare da tsayawa ba. Masu nazarin wasannin juriya sun lura cewa manyan 'yan wasa suna yin kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a sassauƙan mataki, wanda mutum zai iya magana da abokinsa ba tare da haki ya yanke masa jimla ba, yayin da sabon shiga yakan matsa wa kansa kullum yana zaton gajiya ita ce shaidar ci gaba. A lokacin hutu da barci ne jiki yake gina abin da atisaye ya nema daga gare shi. Ruwan sha a sha gwargwadon ƙishi, domin yawan ɗirka fiye da kima yana rage gishirin jini har ya zama haɗari, kamar yadda ƙarancinsa yake zama haɗari. A lokacin zafi a zaɓi sanyin safiya ko na yamma, a kuma ba jiki kwana 10 zuwa 14 ya saba. Duk abin da ba a gwada a atisaye ba, na ci ne ko na sawa, kada a fara gwada shi ranar gasa.

Ina so kuma a daina ɗaukar wasan a matsayin na samari majiya ƙarfi kaɗai. A gasannin jama'a akan raba mutane rukuni-rukuni bisa shekaru, yawanci tazarar shekara biyar-biyar, kowa yana gwada kansa da sa'o'insa. Madonna Buder, wata mai hidimar coci a Amurka, sai da ta kusa shekara 50 ta fara gudu, amma ta kammala cikakken Ironman a Kanada a 2012 tana da shekara 82. Shirin Gerami ta wakilci Iran a gasar duniya a Landan a 2013 cikin suturar da ta rufe mata jiki, abin da ya nuna wa mata da yawa cewa sutura ba shinge ba ce. Masu buƙata ta musamman sun samu gurbinsu a gasar nakasassu ta duniya tun daga wadda aka yi a birnin Riyo na Brazil a 2016. Wanda bai gama koyon ruwa ba yana iya shiga gasar gudu da keke da gudu, ko ya haɗu da abokai biyu kowa ya ɗauki ɓangare ɗaya, ya ga yadda ake gudanar da komai da idonsa kafin ya tsaya shi kaɗai.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne jaridarka ta riƙa ware wa irin waɗannan wasanni ɗan gurbi, ta nemo malaman ninƙaya da likitoci su yi wa jama'a bayani a kai a kai. Idan kuma wakilanku za su ba da labarin wata gasa, ina fata za su riƙa faɗin nisan da aka yi da rukunonin da aka buɗe wa masu farawa, su kuma tambayi masu shiryawa masu ceto nawa suka sa a kan ruwa, ko an gwada tsabtarsa, ko an rufe wa motoci hanya, da kuma ko akwai motar asibiti a wurin.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku, mai sha'awar wasannin motsa jiki